Injin sanyaya ɗakin giyar inabi yana gurnani yana tsayawa: kwamfiresa ce ta mutu?

Ɗan Autan Nima: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina wani gida a unguwar East Legon ta Accra tun hantsi, na gamu da abin da ban taɓa gani ba. An kira ni gyaran "AC", da na zo sai na tarar da wani ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin bene, ba taga, kwalabe jere tun daga ƙasa har sama. Injin yana cikin bango, fuskarsa a ɗakin, bayansa ya leƙa sito. Fankoki biyu suna juyawa, allo yana nuna digiri 24. Bayan kamar minti biyar sai kwamfiresa ta yi gurnani na daƙiƙa uku ko huɗu, sai ka ji "ƙyas", ta yi shiru. Haka take ta yi. Wani ya riga ni zuwa makon jiya, ya ce musu kwamfiresa ta mutu. Ni ma in faɗi haka?

Mai Gas na Madina: Wa alaikumus salam. Ƙanena kada ka wahalar da kanka, ta tafi. Yanke ta ka sa wata, ka ɗura gas, ka karɓi kuɗinka. Mutanen East Legon ba sa neman ragi.

Masta na Mamobi: Kai da ba ka ga inji ba har ka yi masa jana'iza? Auta, shekara huɗu kana shagona, na taɓa barinka ka kunna wutar walda kafin ka ɗauki mita? Ɗauko hoton farantin da ke jikin injin da na jikin kwamfiresa, ka karanto mana abin da ke kai.

Ɗan Autan Nima: Tuba nake Masta. Farantin inji ya ce 115V, 60Hz, gas R134a. Na kwamfiresa akwai RLA 4.4 da LRA 27, wato am ɗin da take ja a gudu da wanda take ja a tashi. Ashe ba a bango aka jona shi kai tsaye ba, akwai taransifoma a ƙasa bayan kwali.

Ɗan Bronx: Kayanmu ne na Amurka kenan. Irinsu nake gyarawa a nan kusan kowane wata. Auta, fara sanin abin da injin yake nema kafin ka taɓa shi. Ba firij ba ne, ba kuma AC ba ne. Aikinsa ya riƙe ɗaki a wajen digiri 13, wato 55 a ma'auninmu na nan, laimar iska kuma tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. In iska ta bushe da yawa, toshiyar itacen da ke bakin kwalba takan tsuke, iska ta shiga, abin ciki ya lalace. Shi ya sa ba a sa AC na gida a irin ɗakin, yana tsotse laima, kuma yawancinsu ba sa sauka ƙasa da 16.

Malam na Shukura: Kafin a yi nisa. Ɗana, kwalaben nan na mene ne?

Ɗan Autan Nima: Allah gafarta Malam, giyar inabi ce. Wallahi ban sani ba sai da na shiga.

Malam na Shukura: To zan yi magana, amma bari in idar da La'asar.

Masta na Mamobi: Kafin Malam ya dawo, cire filogi daga taransifoma. Buɗe murfin da ke gefen kwamfiresa, za ka ga rile da obalod, wato makunnin tashi da mai yanke wuta in ta yi yawa. Ɗauki hoto kafin ka zare ko waya ɗaya, don na san ka da mantuwa. In akwai kafasita, sauke mata caji tukuna.

Mai Gas na Madina: Sukundireba kawai ka ɗora a kan ƙafafunta, ta yi tartsatsi, shi ke nan.

Baba Alhaji Sabon Zango: A'a. Wannan ɗabi'ar ce ta cinye wa da yawanku bakin sukundireba, wani lokaci har da kafasitar da ba ta da laifin komai. Ɗana, nemi rezista mai om dubu ashirin, mai wat biyar, ka riƙe ta da filaya mai roba, ka ɗora a ƙafafun na daƙiƙa goma. Sannan ka auna da mita ka tabbatar babu saura. Ni ina ɗauke da guda ɗaya a aljihun riga tun kafin a haifi rabinku.

Ɗan Autan Nima: Na yi Baba. Kafasita baƙa ce, jikin roba, an rubuta 189–227 maikuro. Samanta ya ɗan kumbura, akwai wani farin abu kamar gishiri a bakinta. Mita ta ba ni 61.

Masta na Mamobi: To ga ɗaya mun kama. Amma kada ka yi murna tukuna. Auna ƙafafu uku na kwamfiresa, C da S da R, bibbiyu. Ka fara haɗa bakin wayoyin mitarka ka ga abin da suke ci su kaɗai, sai ka riƙa cirewa daga lissafi.

Ɗan Autan Nima: C da R, om 2.1. C da S, om 6.3. R da S, om 8.4.

Injiniya Asawase: Gaisuwa daga Kumasi. Lissafi ya fita: 2.1 da 6.3 sun ba da 8.4. Naɗin wayar gudu, wato C da R, shi ne mai ƙaramin karatu domin wayarsa ta fi kauri, naɗin tashi, C da S, ya fi shi, kuma daga R zuwa S wuta tana ratsa duka biyun, dole ta ba da jimilla. Babu wanda ya yanke. Saura a san ko wuta tana zuba a jikin ƙarfen. Mitar hannu ba za ta gaya maka gaskiya a nan ba, da batir mai bolt tara take tambaya, alhali wutar da za ta bi wurin ta haura ɗari. Mega ake so, wato mitar gwada zubar wuta, a kan bolt 500.

Ɗan Autan Nima: Ba ni da mega, Yaya.

Baba Alhaji Sabon Zango: Aiko yaro ya karɓi tawa gobe da safe. Sharaɗi biyu. Ka zare dukkan wayoyi daga kwamfiresa kafin ka danna, don bolt 500 in ya shiga allon sarrafawa ka saya musu sabo da kuɗinka. Na biyu, ba a yi wa kwamfiresa mega alhali an zuƙe iskar cikinta da famfo. Taka da gas a ciki, babu damuwa, amma ka riƙe wannan don gaba. Ka kankare fenti kaɗan a jikin bututun jan ƙarfe ka maƙala ɗaya wayar.

Mai Gas na Madina: Duk wannan dogon karatu ne. Naɗi yana iya zama lafiya amma fistin ya cije. Na sha gani. Ka cire obalod ka haɗa waya kai tsaye, ka ba ta wuta, in za ta tashi ta tashi.

Baba Alhaji Sabon Zango: Maganarka ta farko gaskiya ce, fistin yana cijewa kuma om ba ya nunawa. Ta biyun kuwa kada in sake jinta a zauren nan. Lokacin dumso na 2015, da ake ta ɗauke wuta a Ghana, wani yaro da na sani ya yi wa firizar wata mai kifi haka, ya ce zai dawo gobe ya mayar da obalod. Da dare aka kawo wuta rabi, kwamfiresa ta kasa tashi, babu mai yanke mata wuta. Kafin asuba shago ya cika da hayaƙi, Allah ne ya sa maƙwabta suka farka. Wannan "ƙyas" da Auta yake ji, obalod ne yake ceton kwamfiresa. Yana jin wuta ta yi yawa, farantin cikinsa ya yi zafi ya lanƙwashe, ya yanke. An bar jaki ana dukan taiki.

Malam na Shukura: Na dawo. Ku yi haƙuri in katse muku. Hadisin Anas ɗan Malik, wanda Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kan giya: mai matsa ta, da wanda aka matsa domin shi, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka ɗauko wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya domin shi. Kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Injin nan ba shi da wani aiki sai tsare giya kada ta lalace. Ina ji wa yaron nan tsoro.

Mai Gas na Madina: Allah gafarta Malam, in haka ne sai mu rufe shaguna. Wane otel ne a Osu ko Labadi da ba mu gyara masa firij ba? Wace firij ce a can babu kwalba a ciki? Mu a Ghana muke zaune, maƙwabtanmu Kirista ne, su ne rabin masu ba mu aiki.

Malam na Shukura: Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Firij ɗin otel ana sa nama, ana sa madara, ana sa ruwa. Kai ka gyara abin da asalinsa halal ne, abin da mai shi ya zuba a ciki yana wuyansa. Wannan kuwa an ƙera shi ne domin abu ɗaya, kuma yaron ya gani da idonsa.

Hajiya mai shagon kaya: Malam, a gafarce ni in sa baki. Ni na sayar wa wani kayan irin injin nan, shi cakulan yake ajiyewa a ɗakin, wani kuma irin shuka. Injin bai san abin da ke ɗaki ba.

Malam na Shukura: Inji bai sani ba Hajiya, amma mai gyara ya sani.

Ɗan Bronx: Malam ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Sai dai a nan muna tare da 'yan Bangaladash da Turkawa, mabiya Imam Abu Hanifa, kuma an san shi ya halatta ladan wanda aka ɗauka haya ya ɗaukar wa wanda ba Musulmi ba giya, a kan cewa ladan na ɗaukar ne.

Malam na Shukura: Haka ne, an ruwaito wannan. Amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa a kan mas'alar. Mu kuma da muka tashi da Risala a zaurukan Zango, a wajenmu ba a ƙulla haya a kan abin da amfaninsa haramun ne. Ban ce yaron ya aikata kaba'ira ba, ya shiga bai sani ba. Na dai faɗi abin da ke wuyana.

Shugaban Zaure: Malam ya yi nasiha, mun ji, Allah ya saka. Na goge saƙonni uku da suka fara kiran sunayen ƙungiyoyi, ba don haka aka buɗe zauren nan ba. Auta baligi ne, zai yanke wa kansa. Abin da ake koya masa yanzu shi ne dai zai yi amfani da shi a firizar kifi da firij ɗin allurar rigakafi, don haka a ci gaba.

Ɗan Autan Nima: Ina kwana iyayena. Na karɓi megar Baba. Kowace ƙafa zuwa jikin ƙarfe ta haura megom 200. Obalod da ya huce, mita ta yi kuka a kansa. Rile ɗin ne ban gane ba, na girgiza shi yana ƙara a ciki kamar tsakuwa. Ya ƙone kenan?

Masta na Mamobi: Wane iri ne? Akwai naɗin waya mai kauri a jikinsa?

Ɗan Autan Nima: Akwai, Masta.

Masta na Mamobi: To ka kusa jefar da abu mai lafiya. Wanda in ya yi ƙarar tsakuwa ya mutu shi ne PTC na ƙananan firij, mai ƙwaya kamar maɓallin riga a ciki, idan ta farfashe. Wannan naka rile ne mai aiki da ƙarfin wuta, akwai ƙarfe a cikinsa da ke hawa da sauka, dole ya yi motsi in ka girgiza. Da kwamfiresa ta ja wuta mai yawa a farkon tashi, naɗin nan ya zama maganaɗisu ya ɗaga ƙarfen, ya jona naɗin tashi da kafasita. Da ta kama gudu wuta ta ragu, nauyinsa ya mayar da shi ƙasa. Ga gwajinsa: riƙe shi a tsaye yadda yake zama, auna bakin makullinsa, mita ta yi shiru. Kifa shi kai ƙasa, mita ta yi kuka. In ya yi haka lafiyarsa ƙalau. Kuma in za ka mayar, ka duba kibiyar da ke nuna sama.

Ɗan Autan Nima: Ya yi yadda ka ce. A tsaye shiru, a kife kuka.

Hajiya mai shagon kaya: To kafasita ce ta rage. Ina da 189–227 mai bolt 250, ina da mai 330. Ka zo Zongo Lane ko in ba mai babur. Kada ka je ka sayo farar kafasitar AC mai maikuro 35 ko 45 ka ce ai duk kafasita ce. Waccan ta gudu ce, tana zama a kan wuta kullum. Wannan baƙar ta tashi ce, daƙiƙa ɗaya ko biyu take aiki ta huta. Maikuro ya zama daidai da na tsohuwa, bolt kuwa ya yi daidai ko ya fi, kada ya gaza.

Injiniya Asawase: Tunda an taɓo ta gudu, ga wata dabara ga masu AC. Ana iya auna ta tana kan aiki ba sai an cire ba. Maƙala mitar ƙugiya a wayar da ta tashi daga kafasita zuwa S ka ɗauki am, ka auna bolt a ƙafafun kafasitar, sai ka ninka am ɗin da 3183 ka raba da bolt. Abin da ya fito shi ne maikuro. A bidiyoyin YouTube za ku ji ana cewa 2652, wannan na ƙasashe masu 60Hz ne, in kun yi da shi a Ghana za ku zubar da kafasita mai kyau.

Ɗan Autan Nima: Na sa sabuwar kafasita. Alhamdu lillahi ta tashi! Amma da ƙyar, sai da ta yi gurnani kamar daƙiƙa biyu, fitilar allon har ta dushe. Yanzu tana gudu, mitar ƙugiya tana nuna 5.3 gaba ɗaya da fankoki. In haɗa kayana?

Mai Gas na Madina: Na janye maganata, ba ta mutu ba. Amma ka ƙara mata gas kaɗan, ba ya cutarwa.

Ɗan Bronx: Yana cutarwa mana. Gas ɗin da ke cikin irin injin nan bai taka kara ya karya ba, da sikeli ake auna shi a masana'anta. Ƙarin gram talatin ya isa ya ɓata aikinsa. Kuma a rufe yake ruf, babu bakin ɗura gas, sai ka huda bututu. Kada ka huda abin da bai nuna alamar yoyo ba.

Baba Alhaji Sabon Zango: Kada ka haɗa kaya. Ruwa ba ya tsami banza. Kafasitar tashi ba ta kumbura don nishaɗi, wani abu ne ya sa take daɗewa a kan wuta har ta dahu. In ba ka gano shi ba, ta Hajiya ma wata biyu za ta yi, kuma sunanka ne zai ɓaci. Kai da bakinka ka ce allo ya dushe. Kashe injin, jira minti biyar ɗinsa, ka sa mita a bakin taransifoma ta ɓangaren fita, ka zuba mata ido lokacin da kwamfiresa za ta tashi. Sannan ka juya taransifomar ka karanto min ƙarfinta.

Ɗan Autan Nima: Kafin ta tashi 114. Lokacin tashi ya faɗo 81. Da ta kama gudu ya tsaya a 103. Taransifoma 500VA ce, kuma da zafi, ba na iya barin hannuna a kanta.

Baba Alhaji Sabon Zango: To ga ɓarawon.

Injiniya Asawase: A lissafa. Am 5.3 sau 103 ya kai kusan 550, ko a gudu ma ta wuce ƙarfinta. A tashi kuwa kwamfiresa tana neman abin da ya kai am 27, wato sama da 3000VA na ƙiftawar ido. Ƙaramar taransifoma ba za ta iya ba, sai bolt ya zube. Da bolt ya zube ƙarfin juyawar mota yakan faɗi ninki, domin yana bin murabba'in bolt ne: daga 115 zuwa 81 ƙarfin ya koma kusan rabi. Sai tashi ya yi tsawo, rile ya daɗe a sama, kafasita ta yi ta dahuwa. Abin mamaki shi ne yadda aka yi injin ya rayu a kanta tun farko.

Ɗan Autan Nima: Na tambayi mai gadi. Ya ce da can wata babba ce mai nauyi, sai mutum biyu suke ɗaga ta. Wata uku da suka wuce aka kawo injin wanki daga Amurka, sai aka ɗauke babbar aka kai can, aka sayo wannan a kasuwa.

Masta na Mamobi: Kun ji ko. Da an bi ta wanda ya fara zuwa, da an yanke kwamfiresa mai lafiya an sa sabuwa a kan wannan taransifomar, ita ma ta fara ƙyas-ƙyas cikin mako. Ka gaya wa mai gidan ko dai a dawo da babbar, ko a sayo mai 2000VA zuwa sama, mai naɗin jan ƙarfe. Ka ɗaga ka ji nauyinta kafin ka biya, akwai masu rubutun 2000 da yaro zai ɗauka da yatsa biyu.

Mai Gas na Madina: Ni fa har yanzu ina da ja. Kayan 60Hz ba ya ɗorewa a ƙasar nan ko da wace taransifoma. Taransifoma bolt take saukewa, ba ta taɓa haz, wato saurin juyawar wuta. Wutar madatsar Akosombo 50 ce, 50 za ta fito ta ɗaya gefen.

Ɗan Bronx: A nan kam ka yi gaskiya, kuma ita ce maganar da 'yan'uwanmu masu cika kwantena daga nan ba sa son ji. Mota da aka yi wa 60 in ta samu 50, gudunta yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida. Kwamfiresa ta rage turo gas, fankoki su rage iska, sanyi ya ragu. Amma ban yarda da "ba ya ɗorewa" ba. Abin da ke ƙona naɗi shi ne a ba ta cikakken 115 ko 120 a kan 50Hz, ƙarfen cikinta ya ƙoshi da maganaɗisu ya yi ta zafi. In ka rage bolt daidai da yadda haz ya ragu, 115 sau 50 a raba da 60, za ka samu wajen 96. Shi ya sa kwamfiresoshi da yawa suke da rubutu biyu a farantinsu. Auta, goge ƙurar da ke kan farantin ka sake dubawa.

Ɗan Autan Nima: Akwai ƙaramin layi a ƙasa, Yaya: 100V 50Hz.

Ɗan Bronx: Madalla. Kenan an yarda ta yi aiki a 50, amma a kusa da 100. In babbar taransifomar tana da zaɓin 220 da 240 a ɓangaren shiga, sa ta a 240. In mai fitar da 110 ce, wutar gida 230 za ta fito wajen 105, wanda ya fi mata daɗi a kan 115.

Injiniya Asawase: Da sharaɗin ka auna wutar gidan da magariba, lokacin da kowa ya kunna AC. In tana sauka ƙasa da 210, zaɓin 240 zai ba ka ƙasa da 96, a tashi kuma ya ƙara zubewa. In haka ne a sa sitabilaiza a gaba, ko aƙalla mai gadin firij da ke yanke wuta in ta yi ƙasa ya kuma jira minti uku zuwa biyar kafin ya mayar.

Ɗan Autan Nima: Barkanmu da Alhamis. An dawo da babbar, 3000VA ce. Wutar gida jiya da magariba 224. Yanzu kwamfiresa tana tashi kamar an taɓa ta da yatsa, am 4.6. Sai dai tun daren jiya take gudu ba hutawa, allo ya tsaya a 19, ya ƙi sauka. Ko maganar gas ɗin Yaya na Madina ce?

Mai Gas na Madina: Na gaya muku!

Masta na Mamobi: Dakata. Fara tabbatar da cewa 19 ɗin gaskiya ce. Ina sensar take?

Ɗan Autan Nima: Wata doguwar waya ce da aka cusa cikin kwalba mai ruwa a kan kanta.

Injiniya Asawase: Haka ake yinta, don ta auna sanyin ruwa maimakon iskar da ke canzawa duk buɗe ƙofa. Zare ta daga allo ka auna. Yawancinsu om dubu goma ne a digiri 25, kuma om yana hawa in sanyi ya ƙaru. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan, tsoma ta minti biyar. Za ta ba ka wajen dubu 27 ko wajen dubu 32, ya danganta da irinta. In karatun yana tsalle idan ka motsa wayar, ta karye a ciki.

Ɗan Autan Nima: Dubu 32.4 a ƙanƙara, ba tsalle. Na kuma rataya nawa ma'aunin zafi a ɗakin, ya nuna 19.5.

Ɗan Bronx: Sensa ta fita. Yanzu ɗauki ma'aunin naka ka zagaya baya, cikin siton da injin yake hura zafinsa. Rufe ƙofa yadda suke barinta, ka jira minti goma.

Ɗan Autan Nima: 36. Ba taga, kwalaye har kusa da bakin injin. Kondensa kuma ta toshe da jar ƙura kamar an lulluɓa mata bargo.

Ɗan Bronx: To ba gas ba ne. Da yawa daga irin waɗannan na cikin bango, iyakar abin da suke iya saukewa bai wuce digiri 17 ƙasa da iskar da ke bayansu ba, kuma an tsara yawancinsu ne kada bayan ya haura 29. Cire 17 daga 36, me ka samu? Injin yana yin iyakar ƙoƙarinsa. Yana fitar da zafi cikin sito, ya sake shaƙar zafin da ya fitar.

Baba Alhaji Sabon Zango: Ƙurar hunturun Disamba da Janairu ce ta taru. Burushi mai laushi, ka bi layin haƙarƙarin daga sama zuwa ƙasa, kada ka gitta. Kwashe kwalaye. Kafinta ya yanke ƙasan ƙofar siton da samanta ya sa raga, ko a sa fankar zuƙe iska a bango. Tunda hannunka yana ciki, duba bakin wayoyin da ke kan rile da fankoki, iskar teku tana sa su tsatsa a garin nan, wanda ya yi kore ka canja masa kai. Ka busa bututun zubar da ruwa ma.

Mai Gas na Madina: Shi ke nan, yau ba ranata ba ce. Amma ranar da kuka gamu da yoyo na gaske, kun san lambata.

Hajiya mai shagon kaya: Auta, kuɗin kafasita fa, Momo ɗina na karɓar kuɗi a waya bai yi ƙara ba.

Ɗan Autan Nima: Yanzu zan turo, Hajiya, a yi haƙuri. Na wanke kondensa, na bar ƙofar sito a buɗe kafin kafinta ya zo Asabar. Sito ya sauko 30, allo yana 16 kuma yana kan sauka. Na rubuta wa mai gidan a takarda kada a sake ɗauke taransifomar. Ya ce yana da abokai biyu masu irin ɗakin, zai ba su lambata. Ban amsa masa ba. Allah gafarta Malam, kuɗin aikin yana aljihuna ban taɓa ba, in kuna gida bayan Isha'i zan zo Shukura.

Malam na Shukura: Ina nan, ɗana. Ka zo da lissafin abin da ka kashe na kaya da na mota daban.

Baba Alhaji Sabon Zango: In ka taso daga wajen Malam ka biyo ta Sabon Zango da megata. Da wayoyinta biyu, ja da baƙa, don wanda ya ara ta ƙarshe ɗaya ya dawo min da ita.